Nasidi Mai Fito da Kurar Tudun Kaiwa

Ni da Nasidi tsara ne. Wanzami ɗaya ya yi mana kaciya rana ɗaya, muka yi jinya a rumfa ɗaya, a wata tunga ta bakin gulbi cikin ƙasar Maradun. Tungar yanzu tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori. Sunana Dikko, manomi ne ni. Yawancin abin da zan faɗa game da shi da idona na gani, sauran kuma daga bakinsa ko bakin matarsa na ji.

Fito ya gada. Ubansa da kakansa duk aikinsu ke nan, ƙetare da mutane gulbi in damina ta kankama. Tun bai yi gemu ba yake tura babban gora a ruwa, a zuba kaya ciki, mai kaya ya rungume, shi kuma yana iyo a baya har su kai gaɓar can. Daga baya ya samu kwalekwale na maɗaci, tsoho amma mai ƙwari. Dogo ne mai faɗin ƙirji, damatsansa kamar taɓare, sai dai ba shi da zuciyar ganin jini. Ko kaza za a yanka a gidansa ni ake kira. Ranar layya sai ya riƙe mini ƙafafun rago ya kau da kai. Ana yi masa ba'a da haka, shi dai murmushi. Mutum bakwai na sani da ya tsamo daga bakin mutuwa a gulbin nan, har da wata tsohuwar Bafillatana da ta kusa nutsar da shi don ruɗewa, kuma bai taɓa ba da labarin ko ɗaya da bakinsa ba.

Matarsa Marka 'yar Garbadu ce. Sun haifi biyu, ƙyanda ta kwashe su a shekara ɗaya, daga nan haihuwa ta tsaya. Abin da take lallaɓawa a gidan wata jar akuya ce mai farin goshi, Kyalla take ce mata, jikanyar wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta ɗaki. Da ita take hira in Nasidi yana gulbi.

Shekara huɗu muna jin rurin motoci ana jibga ƙasa da siminti can ƙasan gulbi, muna ganin abin kamar ba mu ya shafa ba. Da aka toshe gulbin, daminar saba'in da takwas, ruwa ya fara komowa baya. Aka kwashe mu aka zube a kan wani fako mai tsakuwa inda ko inuwar tsamiya babu. Fadamar da muke albasa da taba da dankali ta tafi. Ni na samu aikin lebura wajen masu haƙa hanyoyin ruwa. Nasidi bai nema ba. Kullum sai ya je bakin ruwa ya zauna cikin jirginsa, alhali ba mai ƙetarewa, don mutanen gaɓar can ma an tashe su, kuma ruwan ya yi faɗin da ba ka hango ƙarshensa.

Bayan tsohuwar tungarmu akwai wani tudu mai duwatsu da itatuwan kaiwa, wato kanya, inda mata ke zuwa tsintar 'ya'ya. Tudun Kaiwa muke ce masa. Ruwa ya zagaye shi ya zama tsibiri. Wata Asabar Nasidi ya tafi can saro itacen rumfa, ya dawo ba itace. Ya same ni ƙofar gida ina wanke ƙafa, muka gaisa, ya tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ya ce, "Dikko, gobe Lahadi ba ku da aiki. Ka zaka in kai ka wani wuri. In na hwaɗa maka da baki cewa za ka yi ƙarya nika yi."

Da hantsi muka isa, bayan tuƙi mai tsawo. Tsibirin a lokacin bai fi babbar gonar gandu ba, amma duk abin da ke cikin kurmin fadama da dajin da ruwa ya ci nan ya taru. Gada a gindin kowace sabara. Barewa sun kai ashirin, a cure a tsakiya. Zomaye na yawo kamar kaji a tsakar gida. Jajayen birai sun cika kaiwa uku, macizai na rataye a rassan da birai suka bar musu. Wata uwar gadu da 'ya'yanta biyar suna tonon saiwa. An riga an cinye ciyawa, ana bin ɓawon itace. Ba wanda ya gudu da ya gan mu, don ba wurin zuwa. A cikin ruwa kuma, duk inda ka duba idanu ne bibbiyu a sama-sama, kadoji sun yi wa tudun zobe.

Nasidi ya nuna mini wani kogo a ƙarƙashin babban dutse. Kura ce kwance a bakinsa da rana tsaka, tana kallonmu, baƙaƙen 'ya'yanta biyu suna shan nono.

"Ita ɗai ce," in ji shi. "Ta iya iyo, amma ba ta barin ɗiyanta. Kuma ta san abin da ke cikin ruwa."

Muna shirin juyowa sai wata gada ta zo har gindin jirgi tana jan ƙafar baya a karye. Na ce masa wannan ko mun bar ta ba za ta ga gobe ba. Ya riƙe, ya kau da kai, na yanka. Ranar aka ci nama a gidajenmu, abin da rabonmu da shi tun muna tunga.

Kwana uku bayan haka ya koma shi kaɗai, ya dawo da barewa biyu yankakku. Na tambaye shi wa ya yanka masa. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Ashe ba wuya."

Daga nan ya samu sana'a. Da sassafe ya tafi, da azahar ya dawo ya kai wa mata masu tuwon sayarwa da ke dafa wa leburori. Ba ya buƙatar bindiga ko tarko, kulki ya ishe shi, don yunwa ta riga ta gama da dabbobin. Da ya ga naman da ya yanka can yana juyawa a hanya saboda zafin rana, sai ya koma karya musu ƙafafu ya jera su da rai cikin jirgi, in ya iso gaɓa ya yanka. Wata rana Marka ta je ɗibar ruwa ta gan shi yana sauke su, suna ta shure-shure da karyayyun ƙafafu. Ta ajiye tulu ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka riƙa yanka su can."

Ya ce, "Nama shina wari kan in iso. Masu saye ba su so."

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. In ya gama lodi ba ya juyowa nan take. Sai ya ɗan tura jirgi baya, ya kafa gwangwala, ya zauna yana kallo. Duk Lahadin da na bi shi haka muke yi, kuma ba zan ce ni ma ban kalla ba.

Wata Lahadi kurar ta sauko daga dutse tana tafiyarta ta gurgu-gurgu, kamar ba ta da niyyar komai, sai ta kutsa cikin garken barewa. Suka watse, uku suka faɗa ruwa. Suna iyo kai a sama, kunnuwa a kwance. Ta farko ɓacewa kawai ta yi, ko motsin ruwa ban gani ba. Ta biyu kada ya cafke ta a hanci ya dinga mirginawa da ita, ƙafafunta na fitowa suna komawa, har wurin ya yi ja. Ta uku ta juyo da gudu, ta kai gaɓa da cinyar baya a tsage, ta tarar da kura a tsaye tana jiranta. Kura ba ta kashewa kafin ta ci. Ta kayar da ita, ta taka ta da ƙafa, ta fara daga ciki. Barewar ta ɗaga kai tana duban abin da ake yi mata, ba ta ko kuka, har wuyan ya gaji ya faɗi. Na yi salati. Nasidi ya ce, "Dubi yadda taka ci. Ko kofato ba ta bari."

Birai ma ba su tsira ba. Wata gaggafa ta gane wurin, kullum tana zuwa da hantsi ta yi shawagi. Da inuwarta ta faɗo sai iyaye su cusa 'ya'ya a ciki su matse jikin reshe, amma ganye ya ƙare, ba abin fakewa. Na ga ta fizge ɗa daga ƙirjin uwa, uwar ta bi ta da tsalle ta faɗo ƙasa a gaban kogo.

Tsakanin Nasidi da kura, barewa da gada suka ƙare cikin wata guda. Ruwa kuma kullum yana cin taki biyu ko uku na tudun. Sai kura ta juya kan gadu, wadda da take kauce mata. Uwar gadu ta san dabara. Ta tura 'ya'yanta cikin rami, ita kuma ta shiga da baya ta toshe baki da haurenta. Kura ta leƙa sau ɗaya ta ja da baya, ta je ta kwanta gaban ramin ta ɗora haɓa kan ƙafafu. Ramin yana kusa da gaɓa, ruwa yana tsattsafowa cikinsa ta ƙasa. Daga hantsi har azahar ba wadda ta motsa. Can muka fara jin 'ya'yan suna tsuwa daga ciki, ruwa ya kai musu wuya. Uwar ta fito kamar an harbo ta. Ta doki kura a fuska, haure ya shiga idon hagu ya fito da shi, suka mirgina tare cikin taɓo. Na ɗauka kura ta gama yawo. Sai ga ta ta miƙe, jini na zuba har ƙirji, ta bar uwar ta bi 'ya'yan da ke fitowa a jiƙe ɗaya bayan ɗaya. Ta cafke na farko, tauna biyu ta haɗiye. Uwar ta juyo ta kare wancan, kura ta zagaya ta ɗauke wannan. Kafin la'asar ba ɗa ko ɗaya. Uwar ta tsaya a bakin ramin da ya cika da ruwa tana huci, gefen cikinta a yage. Nasidi ya ce mini kwana biyu ta yi a tsaye a wurin kafin kura ta gama da ita.

Bayan mako guda na shiga gidansa na same shi yana cin tuwo. Ya ce in sa hannu, na ce alhamdu lillahi. Yana ci yana ba ni labarin kurar.

"Nono ya ƙahe mata. Yau nag ga ƙaramin ɗan shina bin ta shina nema. Ta juyo ta shinshina shi, ta ɗauke shi ga wuya awa za ta kai shi kogo. Sai naj ji ƙas. Babban ya gudu ya shige tsagar dutse, amma ba ya daɗewa."

Marka tana bakin murhu tana ji. Ta tashi ta shige ɗaki.

A kasuwar Talata Mafara ya haɗu da Gajere, wani gardi mai yawon wasa da kura gari-gari. Tasa kurar ta mutu, yana neman wata, kuma labarin ta Tudun Kaiwa ya kai gare shi. Ya ce in Nasidi ya kawo masa ita da rai zai ba shi jaki da mangala. Nasidi ya san tsibiri ya kusa ƙarewa, jaki kuwa abin jigilar yashi ne da ruwa a sabon gari inda kowa ke gini. Ya ce wa Gajere su tafi tare. Gajere ya ce, "Ina da maganin ƙarhe, ina da na dahi, amma ban da na ruwa. Ba ni shiga jirgi." Sai ya ba shi wani akwati na itace mai sanduna a jere, da ƙyaure mai faɗowa in an saki igiya, da shinge a ƙurya inda ake ɗaure abin da zai jawo ta. Ya ce dole ya zama mai rai, mai kuka.

Ranar Lahadi na iso bakin ruwa na tarar an ɗora akwati a jirgi, ga Kyalla a ɗaure kusa da shi, cikinta ya tsufa, saura kwanaki ta haihu. Marka ta tafi suna a wani gida tun da safe.

Na ce, "Marka ta san da wanga?"

Ya ce, "Ba abin da ka samun ta. Akwai shinge tsakaninsu. Kan Marka ta komo mun maida ta turke."

Da na juya a lokacin da ba abin da ya faru, don shi kaɗai ba zai iya sauke akwatin ba. Ban juya ba.

Tsibirin ya koma bai fi masussuka biyu ba, sai dutsen da kaiwa ɗaya da ragowar birai. Ƙasusuwa ko'ina, wari kamar kwata. Muka sauke akwati a bakin ruwa, muka sa akuya a ƙurya bayan shinge, muka ɗage ƙyaure, muka ja igiya zuwa jirgi muka tsaya kamar taki ashirin cikin ruwa. Akuyar ta shaƙi wurin ta fara kuka.

Ba mu daɗe ba kura ta fito. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ramin idonta ya kumbura ƙudaje na bi. Ba ɗa a bayanta. Ta zo gaban ƙofa ta tsaya, ta shinshina itacen ƙyaure, ta ɗaga ido ta bi igiya da kallo har zuwa jirginmu. Sannan ta bar ƙofa ta zagaya baya. Akuya ta matsa jikin shinge, amma ƙuryar ba ta da faɗi. Kura ta zura baki tsakanin sanduna ta kamo ƙafar baya ta ja. Ƙafar ta fito, sauran jiki ya ƙi. Kukan da akuyar nan ta yi irin na mutum ne.

Na ce, "Nasidi, mu isa mu kore ta. Ko yanka mu samu mu yi, kada ta zan mushe."

Ya ce, "Dakata. In ta ga ba ta samu ta nan za ta zagayo ƙohwa."

Ba ta zagayo ba. Ta cinye ƙafar har cinya, ta sake zura baki ta kamo fatar ciki. Na ɗauki filafili zan tuƙa, ya riƙe hannuna, ƙarfinsa ya fi nawa. Muna nan har ta karya sanda ɗaya da haƙori, ta cusa kai da wuya ciki. Da ta zo fitowa da abin da ta ciro, sai kan ya maƙale tsakanin sanduna. Tana ja akwati na binta.

"Ta kamu," in ji Nasidi. Ya fizgi wata igiya mai zarge ya dira cikin ruwa iya gwiwa, ya nufe ta ta baya zai zarge ƙafafunta. Ya samu ɗaya. Yana sunkuye yana laluben ta biyu sai ta yi wata girgiza, sanda ta biyu ta ɓalle, ta juyo. Ya kare fuska da hannun dama, ta kama shi ƙasa da gwiwar hannu. Na ji ƙarar ƙashin kamar an karya rake. Bai yi ihu ba, wani gurnani kawai yake, yana dukan kanta da hagu. Na iso na doke ta da filafili har ya tsage, ko gezau. Sai na ɗauko gwangwala na caka mata a ramin idon nan. Ta saki, ta ja da baya tana wani kuka mai kama da dariya, ta koma kan akwati.

Hannun yana lilo da fata. Na jawo shi cikin jirgi, na ɗaure damtsen da igiyar da aka jawo akuya da ita, na kama tuƙi da tsagaggen filafili. Wuƙa tana ƙuguna, amma ba halin komawa. Mun yi nisa ina jin akuya tana kuka a baya.

Da la'asar muka iso. Mutane suka taru, aka samu wata motar leburori da za ta kai shi asibiti Gusau. Marka ta iso da kayan sunanta a jiki. Ta duba fuskarsa, ta duba hannun, idonta ya tsaya kan ɗaurin. Igiyar kaba ce da ita ta tufka da kanta, da ɗan shuɗin tsumma a ƙulli.

Ta ce, "Malam Dikko, wagga igiyar Kyalla ce."

Ta ɗago ta dube ni.

"An yanka ta?"

"Ba mu samu dama ba."

"Da rai kunka baro ta?"

Na ce, "Da rai."

Ba ta yi kuka ba. Ta hau motar, ta ɗora kansa a cinyarta har Gusau. Aka yanke hannun daga gwiwa. Sati biyar tana jinyarsa, tana yi masa wanka, tana ba shi abinci a baki. Daga baya ta gaya mini duk kwanakin nan jira take ya ambaci akuyar ko sau ɗaya, ko da ba haƙuri zai ba ta ba. Bai ambata ba. Abin da ya fara tambaya da ya farfaɗo shi ne ko kurar tana nan.

Tana nan. Damina ta ɗauke, ruwa ya tsaya, ya bar dutsen da ɗan fili a gindinsa. Masunta suka ce suna ganinta tana tsintar mataccen kifi a gaɓa. Wani maharbi mai suna Tukur ya zo gaishe da Nasidi ya ce zai je ya harbe masa ita. Nasidi ya yi godiya ya ce a bar ta. Da Tukur ya fita ya ce mini, "Lahadi ka kai ni. Ban iya tuƙi da hannu guda." Na ji kunyar in ƙi mutumin da na ga hannunsa ya tafi a gabana.

Ya biya wajen mahauta ya sayo tumbi da ƙashi, ya sa na ɗaure masa a kan gwangwala. Da muka isa ya ce in tsaya inda muka tsaya wancan karon. Ya dafe gindin gwangwala da dungulmin, ya miƙa ta da hagu, naman na lilo a kan ruwa. Kurar ta sauko. Gashinta ya zube, ƙafafun baya na rawa. Ta shiga ruwa har ƙirji, ta ga wani abu ya motsa a gefe, ta koma. Ta sake shiga, ta sake komawa. Yana ce mata a hankali, kamar mai kiran akuya, "Zaka. Zaka ki amsa." Haka muka yi har rana ta karkata, ya ce mu tafi. Lahadi ta biyu ma haka.

A ta uku ba ta yi wata-wata ba. Tana ganin naman ta faɗo ruwa ta miƙo iyo kai tsaye. Nasidi ya ce, "Ja baya. Sannu-sannu." Na ja. Tana matsowa ina ja, bakinta bai fi kamu uku da naman ba, ina jin numfashinta. Mun janyo ta nesa da gaɓa sosai kafin kada na farko ya doke ta daga gefe. Ta juya cikin ruwa ta kama shi a ƙafar gaba, na ji ƙashi ya fashe, ya sake ta yana bugun ruwa da wutsiya har jirgi ya kusa kifewa. Ta sake juyowa wajenmu. Na biyu ya kama ta a ƙugu. Ta nutse ta taso, tana cizon ruwa. Ta sake nutsewa ta daɗe, ta taso karo na biyu, rabin jikinta kawai ke motsi, idonta ɗaya yana kan gwangwala. Daga nan ba ta sake tasowa ba.

Nasidi ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya jawo gwangwala, ya kwance tumbin da haƙori da hannun hagu, ya naɗe a tsumma. Ya ce, "Mu tahi. A kai ma Marka ta yi miya."

Bayan girbi Marka ta nemi takardarta. Bai ja ba, ya sa liman ya rubuta. Ta koma Garbadu gidan wanta, can ta zauna har ta tsufa. Gajere bai sake zuwa ba. Nasidi ya sayar da jirginsa ga wasu masunta baƙi da suka zo cin sabon ruwa, ya koma Birnin Tudu yana yi wa masu shinkafa tsaron tsuntsu. Wuni yake a rumfar kara yana jan igiyar gwangwanaye da hagu. In lokacin shinkafa ya wuce ya yi gadin gonar tumatir. Bai sake aure ba.

Zumuncinmu ya yi sanyi, kuma daga wajena ne. Ba faɗa muka yi ba. In na gan shi sai in tuna ni ne mai filafili ranar, kuma da ya ce in ja baya ja na yi. Muna haɗuwa a kasuwar Talata jefi-jefi, mu gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyalina ɗaya-ɗaya da suna, mu rabu.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, da bazara, tari ya kwantar da shi. Saƙo ya iso mini a makare, na je na tarar an kai shi makwancinsa tun da safe. Dattijon da Nasidi yake kwana a zaurensa ya karɓi gaisuwata, ya ce mutum ne mai haƙuri, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Ya tambaye ni ko ina wurin ranar da injin dam ya cinye masa hannu, don haka Nasidi ya gaya musu. Na ce ina wurin. Muka yi masa addu'a, na nemi motar komawa tun rana ba ta faɗi ba.